Yadda ciwon dasashi ke cinye ƙashin da ke riƙe da haƙora

Mutane da yawa sukan ga jini a cikin kumfar makilin idan sun tofar da safe, ko su ga bakin asuwakinsu ya yi ja, amma kaɗan ne ke ɗaukar abin a matsayin rashin lafiya. Wasu sukan ce burushin ne ya yi tauri, wasu su ce zafi ne ya yi musu yawa a jiki, wasu kuma su daina goge wurin da ke jinin don kada su fama shi. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi da burushi mai laushi, kuma wannan jinin da ake rainawa shi ne alamar farko ta cutar da ita da ruɓewar haƙori suke kan gaba wajen raba manya da haƙoransu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wato fiye da mutum biliyan 1, suna fama da ciwon dasashi mai tsanani, irin wanda ya riga ya taɓa ƙashi. Tsakanin jinin farko da girgiɗar haƙori akwai shekaru masu yawa. A farkon shekarun nan ana warkewa sarai ba tare da an kashe wani kuɗin kirki ba, a ƙarshensu kuwa iyakar abin da likita zai iya shi ne ya tsare abin da ya rage.

Kafin a gane yadda ɓarnar ke aukuwa, sai an san yadda haƙori yake zaune a baki. Abin da ido ke gani bai kai rabin tsawon haƙori ba. Sauran, wato saiwa, yana cikin wani gurbi a ƙashin muƙamuƙi, kuma saiwar ba a manne take da ƙashin kai tsaye ba. Dubban siraran zaruruwa ne masu ƙarfi suka ɗaure ta da bangon gurbin, a cikin wani ɗan fili da faɗinsa bai kai rabin milimita ba. Su ne ke rage wa ƙashi ƙarfin tauna, kuma jijiyoyin da ke cikinsu ne ke sanar da mutum nan take idan ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa. A saman duk wannan sai dasashi ya zagaye wuyan haƙorin ya rufe hanya, ya bar wata 'yar kwalbati tsakaninsa da haƙorin wadda zurfinta, a baki mai lafiya, yake tsakanin milimita 1 zuwa 3. A cikin wannan 'yar kwalbatin cutar take farawa.

Jim kaɗan bayan an goge baki, wani siririn rufi daga miyau yakan kwanta a jikin haƙori, ƙwayoyin bakteriya su fara maƙalewa a kansa suna hayayyafa. An gano ire-iren bakteriya kusan 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam, kuma yawancinsu ba sa cutarwa. Matsalar tana tasowa ne idan aka bar su suka taru a gindin haƙori suka zama dauɗar nan mai yauƙi da mutum ke ji da harshensa, ko ya kankaro da farce ya gan ta fara-fara. Ƙwayoyin sukan gina wa kansu wani danƙo da suke fakewa a ciki, wanda kurkure baki da ruwa ba ya cire shi, haka ma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa shi yadda ya kamata. Gugar burushi ko asuwaki ce kaɗai ke tayar da shi. Idan kuwa aka ƙyale shi, cikin 'yan kwanaki zuwa makonni biyu sinadaran da ke cikin miyau za su fara daskarar da shi har ya yi tauri. Wannan daskararriyar dauɗa an fi ganin ta a bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen turamen sama, domin nan ne mafitar miyau take, kuma goro da shayi da taba sukan rina ta ta koma ruwan ƙasa ko baƙa. Da zarar ta daskare, babu burushin da zai iya fitar da ita, kuma kaushinta yana ba sabuwar dauɗa wurin kamawa.

Dangantakar dauɗa da kumburin dasashi ba zato ba ce, an gwada ta. A shekarar 1965 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Norwe mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a Denmak sun nemi wasu matasa masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 dukkansu dasashinsu ya kumbura. Da suka koma goge baki, cikin kusan mako guda dasashin ya dawo yadda yake. Wannan shi ne mataki na farko na cutar: dasashi ya yi ja, ya kumbura, yana jini da an taɓa shi, amma zaruruwa da ƙashi suna nan daram. Don haka wanda ya ga jini ya daina goge wurin ya yi akasin abin da ya kamata, tun da dauɗar da ya bari ita ce ta jawo jinin tun farko. Idan ya ci gaba da gogewa a hankali, sau biyu a rana, yawanci jinin yakan tsaya cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda nasa bai tsaya ba bayan haka, ya kamata likita ya duba shi.

Mataki na biyu shi ne inda ɓarnar da ba ta gyaruwa take farawa. Idan kumburin ya daɗe, mannewar da dasashi ya yi da wuyan haƙori takan saki, kwalbatin nan ta zurfafa ta koma aljihu mai zurfin milimita 4, 5, 6 ko fiye. A cikin aljihun babu iska, akwai ɗumi, kuma akwai jini da ruwan jiki da ke tsattsafowa daga naman da ya kumbura. Wannan yanayi shi ya fi dacewa da wasu bakteriya masu ƙin iska, irin su wadda masana ke kira Porphyromonas gingivalis, sai su yi rinjaye a kan sauran. Burushi ba ya kai wa ƙasan irin wannan aljihu, saboda haka mutum na iya goge bakinsa safe da dare cutar kuma tana ci a ƙarƙashi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki idan aka yi musu bayani shi ne mafi yawan ɓarnar jikin mutum ne da kansa yake yin ta. Da garkuwar jiki ta ji bakteriya sun yi sansani a gindin haƙori, sai ta turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su. Waɗannan ƙwayoyin suna fitar da sinadarai masu narkar da nama don su buɗe hanya su kashe abokan gaba, kuma a ciwo na ɗan lokaci hakan alheri ne, domin ana gama yaƙin jiki ya gyara wurin. A nan kuwa yaƙin ba ya ƙarewa, saboda bakteriyar suna fake a cikin danƙonsu a jikin saiwa, inda jini ba ya kai wa. Sai sinadaran su ci gaba da zuba wata da watanni, suna tsinka zaruruwan da suka ɗaure haƙori da ƙashi.

Shi kuma ƙashi, ko da yake ana ganin sa kamar abu marar rai, kullum a cikin rushewa da ginuwa yake. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo, kuma a jiki mai lafiya aikin ɓangarorin biyu yana tafiya daidai wa daida. Kumburi mai daɗewa yana ɓata wannan daidaito. Ƙwayoyin garkuwa da ke wurin sukan yawaita fitar da wani saƙo da ake kira RANKL, wanda aikinsa shi ne tayar da masu rushe ƙashi, a daidai lokacin da sinadarin da ke taka musu birki yake raguwa, masu gini kuma suke yin sanyi. Sakamakon haka bakin gurbin da haƙori yake ciki ya riƙa narkewa daga sama zuwa ƙasa. Ana iya cewa jiki yana janye ƙashinsa ne daga wurin da cutar take don kada ta shige shi, sai dai duk inda ƙashi ya ja baya aljihun yakan ƙara zurfi, bakteriya su bi shi, a sake wani zagayen. Misalinsa dirkar rumfa ce da ruwan damina ke zaizaye ƙasar gindinta shekara bayan shekara: itacen lafiyarsa lau, ba gara ba ruɓa, amma wata rana sai a taɓa shi a ji yana girgiɗi. Shi ya sa mutum kan kai wa likita haƙori fari tas, babu rami ko kaɗan a jikinsa, ya ce da kansa ya fita.

Zaizayar tana zuwa iri biyu, kuma bambancin yana da tasiri wajen magani. Wani lokaci ƙashin yakan sauka bai ɗaya a jerin haƙora, wani lokaci kuma ya yi rami mai zurfi a gefen saiwa guda alhali bangon da ke kewaye yana tsaye. A turame, waɗanda saiwarsu ta rabu biyu ko uku, idan zaizayar ta kai mararrabar saiwoyin sai a sami wani lungu da tsabtace shi ke da wuya ƙwarai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa turame kan riga sauran haƙora faɗuwa.

Duk wannan yana faruwa ne babu zafi, kuma a ganina rashin zafin nan ne babban makamin cutar. Haƙorin da ya ruɓe har ramin ya kai jijiya yakan hana barci, mai shi ya nemi asibiti ko yana so ko ba ya so. Aljihun dasashi kuwa a buɗe yake ta sama, mugunya da ruwan ciwo suna fita cikin baki ba tare da sun taru sun matse wani abu ba, sai dai idan bakin aljihun ya toshe ya zama ƙurji. Don haka alamomin da za a lura da su na ido ne da na hanci: warin baki da ba ya tafiya ko an goge, dasashi ya ja baya har haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, tsami ko zafin ɗan lokaci idan an sha ruwan sanyi saboda saiwa ta fito fili, abinci ya riƙa maƙalewa inda da ba ya maƙalewa, ko a matsa dasashi a ga farin ruwa ya fito. Wushiryar da aka haifi mutum da ita ado ce, amma wadda ta buɗe wa mutum yana ɗan shekara arba'in, ko haƙoran gaba suka fara turowa waje, alama ce cewa abin da ke riƙe da su ya ragu. Mun saba ganin giɓi a bakin tsoho mu ce tsufa ne, alhali tsufa shi kaɗai ba ya zubar da haƙori. Shekaru ne kawai suka ba cutar lokacin da za ta gama aikinta.

Ba kowa cutar ke yi wa ɓarna iri ɗaya ba. Shi dai Löe da abokan aikinsa sun bi diddigin wasu ma'aikatan gonakin shayi a Siri Lanka tsawon shekara 15, daga 1970 zuwa 1985, mutanen da ba sa goge baki ta hanyar zamani kuma ba su da likitan haƙori. Kusan dukkansu suna da dauɗa da kumburin dasashi, amma kimanin kashi 8 cikin 100 ne cutar ta ci su da sauri, kashi 81 ta ci su a hankali, kashi 11 kuma ba ta wuce kumburin farko ba. Dauɗa ce ke kunna cutar, amma yanayin jikin mutum ne ke yanke nisan da za ta yi. Gado yana da hannu a ciki, don haka wanda iyayensa suka rasa haƙora da wuri ya kamata ya ƙara sa ido.

Cikin abubuwan da mutum ke da iko a kansu, taba ce ta fi muni. Tana raunana fararen ƙwayoyin jini, tana hana rauni warkewa, sannan tana matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi, ta yadda mai shan ta ba ya ganin jinin da zai gargaɗe shi. Dasashinsa sai ya yi kamar lafiya lau alhali ƙashi na tafiya, kuma ko an yi masa magani ba ya samun sauƙi kamar wanda ba ya sha. Ciwon sukari shi ne na biyu. Mai sukarin da bai daidaita ba haɗarinsa ya kai ninki uku na sauran mutane, kuma cututtukan biyu suna ƙara wa juna ƙarfi, domin kumburin dasashi mai daɗewa yana sa sukari ya yi wuyar saukowa. Binciken da aka tattara ya nuna cewa yi wa mai sukari maganin dasashi yana rage sakamakon gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku da kimanin maki 0.4, ragin da likitocin sukari ba sa rainawa. Zan so a ce duk asibitin da ke duba ido da ƙafar mai sukari yana tura shi a duba bakinsa ma. An kuma lura cewa ciwon dasashi da ciwon zuciya sukan haɗu a mutum guda, kuma taba da sukari suna cikin abubuwan da ke jawo su duka biyun.

Mata masu juna biyu sukan ga dasashinsu ya kumbura yana jini, saboda canjin sinadaran jiki yana sa naman ya fi saurin harzuƙa a kan dauɗa kaɗan. Maganar da ake yi cewa ɗan da ke ciki ne ke zuƙe ƙarfin haƙorin uwa ba ta da tushe, kuma wankin haƙori a asibiti ba ya cutar da ciki. Haka nan wasu magungunan hawan jini irin su amlodifin da nifedifin, da maganin farfaɗiya fenitoyin, sukan sa dasashi ya yi girma ya hau kan haƙora. Wanda ya ga haka kada ya daina shan maganinsa da kansa, ya sanar da likitan da ya rubuta masa.

Rigakafin bai wuce a tayar da dauɗar kowace rana kafin ta daskare ba, amma yadda ake yi shi ne abin dubawa. Yawancinmu farin haƙori muke gogewa da ƙarfi daga dama zuwa hagu, mu bar gindin inda cutar take. Daidai shi ne a sami burushi mai laushi, a karkata bakinsa wajen da haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa motsa shi a hankali, a bi waje da ciki na kowane haƙori har na minti 2, sau biyu a rana, kuma na dare kafin barci ya fi muhimmanci domin miyau yana raguwa idan an yi barci. Man goge baki mai sinadarin fulorayid yana kare haƙori daga ruɓewa, amma ga dasashi gugar ce ke aiki. Burushi mai tauri, da gawayi ko toka ko gishirin da ake dirzawa, suna kankare jikin haƙori su tura dasashi baya.

Tsakanin haƙora nan ne ciwon ya fi farawa, kuma nan ne burushi ba ya shiga. Tsinken sakace yana fitar da naman da ya maƙale amma ba ya goge dauɗar da ke manne a gefen haƙori, kuma allura ko tsinken tsintsiya suna yi wa dasashi rauni. Zaren sakace da ake sayarwa a kantin magani, ko ɗan ƙaramin burushin da aka yi don shiga tsakanin haƙora, su ne suka dace, sau ɗaya a rana.

Asuwaki yana da matsayi babba a wurinmu, tun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da yin sa a kowace salla, kuma binciken likitoci ya nuna cewa idan an iya amfani da shi yana cire dauɗa sosai, na itacen arak ne ko na darbejiya. Mai yin sa sau biyar a rana yana tayar da dauɗa fiye da mai burushi sau ɗaya. Sai dai gashinsa a miƙe yake da sandar, don haka yana da wuya ya kai bayan haƙora ta wajen harshe da turamen can ciki, kuma wanda ya yini da shi a baki yana dirzar haƙoran gaba kawai zai iya tura dasashinsu baya ya bar sauran da datti. A tauna bakinsa ya yi laushi, a yanke tsohon bakin a kai a kai, a bi kowane haƙori da niyya, sannan a haɗa da burushi da zaren sakace.

Idan dauɗa ta daskare, ko aljihu ya riga ya samu, sai asibiti. Likita zai zura wani siririn ƙarfe mai alamun milimita ya auna zurfin aljihu a kewayen kowane haƙori, ya ɗauki hoton ƙashi ya ga inda ya tsaya. Tun bayan taron ƙwararru da aka yi a Amurka a 2017, ana kasa cutar mataki huɗu gwargwadon ɓarnar da ta yi, da daraja uku gwargwadon saurin cin ta. Maganin farko shi ne wankin haƙori, wato kankare daskararriyar dauɗa a sama da ƙarƙashin dasashi har jikin saiwa, wani lokaci da allurar kashe zafi. Akwai tsoron da ya yaɗu cewa wankin haƙori yana sa haƙora su yi girgiɗi su buɗe, kuma wannan tsoro ya hana mutane da yawa zuwa asibiti. Abin da ke faruwa shi ne dauɗar da ta cike gurbin ƙashin da ya tafi ita ce ta haɗe haƙoran, kumburi kuma ya rufe giɓin, to da aka cire ta kumburin ya saɓe sai ɓarnar da ta daɗe a ɓoye ta bayyana. Bayan 'yan makonni haƙoran sukan ƙara ƙarfi. Sayen kafso a kemis kuwa yakan kwantar da ƙurji na ɗan lokaci, amma muddin dauɗar tana jikin saiwa ciwon zai dawo.

Magani yana tsayar da zaizaya, ba ya mayar da ƙashin da ya sauka bai ɗaya. A ramukan nan masu zurfi da bangonsu ke tsaye ne kaɗai tiyata kan iya sa wani ɓangare ya sake tsirowa, kuma aiki ne mai tsada da ba ko'ina ake yin sa ba. Wanda aka yi wa magani yana buƙatar komawa a sake dubawa da wankewa, galibi duk bayan wata uku zuwa shida, har iyakar rayuwarsa. Cire haƙori ma ba ya rufe maganar ƙashi, domin wannan ɓangaren na muƙamuƙi don haƙori aka yi shi, kuma idan babu saiwar da ke motsa shi da tauna sai ya shanye. A shekarar farko bayan cirewa faɗin wurin na iya raguwa da kusan rabi, mafi yawa a wata ukun farko. Wannan ne ke sa bakin wanda ya rasa haƙora ya lotsa, haƙoran roba su riƙa yi masa yawa bayan 'yan shekaru, dasa haƙori kuma ya yi wuya saboda babu isasshen ƙashin da za a kafa shi.

Akwai wani nau'i da ya sha bamban da duk abin da ya gabata wajen sauri, kuma ya shafi yankinmu kai tsaye, wato cutar noma. Tana kama yara, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa ne da gyambo a dasashi, amma cikin 'yan kwanaki sai ta ci kunci da leɓe da ƙashin fuska, kuma mafi yawan yaran da ba su sami magani ba suna mutuwa. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka buɗe a 1999 domin wannan cuta, kuma a watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Idan aka kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtace baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Yaron da ya rame, dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari mai ƙarfi, yana dalalar da miyau, ya ƙi cin abinci, ko kuncinsa ya fara kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.